Sarakunan Littafi Mai Tsarki da Suka Fara da Kyau, Suka Ƙare a Karkace

Bahaushe na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Duk wanda ya zauna ya karanta littattafan Sama'ila, Sarakuna da Tarihi a cikin Littafi Mai Tsarki zai ga wannan karin magana ba ta cika aiki a fadar Isra'ila da Yahuza ba. Akwai sarakunan da tun ranar naɗi an san ba za a kwashe da daɗi ba, kamar Ahab da ya auro Yezebel daga Sidon ta zo masa da bautar Ba'al. Labarin irinsu ba ya ɗaure kai. Waɗanda ke sa mai karatu ya ajiye littafin ya yi tagumi su ne waɗanda Larabarsu ta yi kyau: an naɗa su da albarka, sun yi nasara, wasunsu har sun gyara Haikali, sannan aka wayi gari sun saki hanya.

A nawa karatun, abin da ya raba wanda ya faɗi ya tashi da wanda ya faɗi ya zarce ba girman laifi ba ne. Abin dubawa shi ne yadda sarki ya yi da mutumin da ya shigo fada ya gaya masa gaskiya.

Akwai mudun da marubutan suke awo da shi, yana cikin Maimaitawar Shari'a sura 17. Can aka ce idan Isra'ilawa suka naɗa sarki, kada ya tara dawakai ko ya mayar da mutane Masar neman su, kada ya tara mata, kada ya jibge wa kansa azurfa da zinariya. Aka kuma ce ya rubuta wa kansa kwafin shari'a, ya riƙa karantawa muddin ransa, don kada ya ga ya fi 'yan'uwansa. A zamanin da Fir'auna ake ɗaukarsa kamar abin bauta, wannan doka ta mayar da sarki talakan shari'a kamar kowa. Annabi kuwa shi ne mai tuna masa.

Saul ɗan Kish, wanda Musulmi suka sani da Ɗalutu, shi ne sarki na farko, a wajen ƙarni na 11 kafin haihuwar Almasihu. Neman jakunan mahaifinsa da suka ɓace ya fita, ya dawo da man naɗi a ka. Ranar da za a nuna shi ga jama'a a Mizfa sai da aka zaƙulo shi daga cikin kaya inda ya ɓuya, alhali ya fi kowa tsayi. Da ya ci yaƙinsa na farko a Yabesh-gileyad, mutane suka ce a kawo waɗanda suka rena shi a kashe, ya ce ba wanda za a kashe yau. Mai kunya, mai afuwa. Wa zai ce wannan ne zai sa a yanka firistoci 85 a Nob rana ɗaya?

Bangon ya fara tsagewa a Gilgal. Annabi Sama'ila, wanda ya naɗa Saul, ya ce a jira shi kwana 7. Filistiyawa sun yi dafifi, sojoji suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, tsohon bai iso ba, sai Saul ya miƙa hadayar da kansa. Yana gamawa sai ga Sama'ila. Gaskiya, mutum ba ya rasa jin tausayin Saul a nan, don kowane shugaban yaƙi zai ji abin da ya ji. Amma saurari amsarsa: mutane ne suka watse, kai ne ka makara, Filistiyawa ne suka matso. Kowa na da laifi ban da shi. Haka ya sake yi a yaƙin Amalekawa, inda ya bar Sarki Agag da rai tare da zaɓaɓɓun dabbobi, ya wuce Karmel ya kafa wa kansa ginshiƙin tunawa, ya tari Sama'ila da cewa ya cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya tambaye shi: to, wannan kukan tumaki da nake ji fa? Ya ce jama'a ne suka ajiye don hadaya. Nan aka gaya masa biyayya ta fi hadaya. Da aka ƙure shi ya ce ya yi zunubi, amma nan take ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Ko a cikin tuba, idonsa na kan abin da mutane za su ce.

Sauran labarin gangara ce. Mata suka yi waƙa suna cewa Saul ya kashe dubbai, Dawuda kuwa dubun dubbai, kishi ya cinye masa sauran shekarunsa. Mutumin da ya kori masu duba daga ƙasar, shi ne ya ɓad da kama da dare ya je wurin wata mai kiran matattu a Endor, yana neman Sama'ilan da bai saurara ba lokacin yana raye. Bayan haka ya faɗa kan takobinsa a dutsen Gilbowa, 'ya'yansa 3 sun riga shi.

A ajiye laifin Saul gefe ɗaya, a ajiye na Dawuda, kowa zai ce na Dawuda ya fi muni. Ya ɗauki Bat-sheba, matar sojansa Uriya, yayin da mijin ke bakin daga. Da ciki ya bayyana, dabarar rufa asiri ta ƙi ci, ya rubuta takardar a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, ya kuma ba Uriya takardar ya kai da hannunsa. Annabi Natan ya shigo da labarin wani mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya guda ɗaya tilo ta wani matalauci ya yanka wa baƙo. Dawuda ya husata ya yanke hukunci, Natan ya ce masa kai ne mutumin. A fadar wani sarkin, nan kan annabi zai bar wuyansa. Dawuda kuwa cewa ya yi: na yi wa Ubangiji zunubi. Bai kawo wani uzuri ba. Bai tsira daga sakamako ba, domin gidansa bai sake zama lafiya ba, daga abin da Amnon ya yi wa Tamar har tawayen Absalom. Amma Natan ya ci gaba da shiga fada har tsufan Dawuda, kuma cikin 'ya'yan da Bat-sheba ta haifa masa akwai mai suna Natan.

A nan ya kamata in dakata, domin da yawa daga masu karanta Hausa Musulmi ne. A Musulunci Dawuda da Sulaimanu annabawa ne, malamai ba su yarda da waɗannan labarai a kansu ba, kuma aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta faɗa ƙarara cewa Sulaimanu bai kafirta ba. Abin da ake bayani a nan shi ne yadda nassin Kirista ya kawo labarin, da yadda masu bin sa ke fahimtarsa.

Labarin Sulemanu ya fi na kowa nauyi, don shi ba a rasa ba shi komai ba. A Gibeyon aka ce ya roƙi abin da yake so, ya roƙi zuciya mai ganewa don ya iya shari'a. Ya gina Haikali, ya yi addu'ar keɓewa da har yau ake karantawa idan za a buɗe sabon coci. Marubucin 1 Sarakuna bai fito ya zarge shi ba sai a sura 11, amma tun kafin nan yana ta ajiye alamu. Ayar ƙarshe ta sura 6 ta ce an gina Haikali cikin shekara 7. Ayar da ke biye, farkon sura 7, ta ce gidansa ya ci shekara 13. Ba sharhi, an dai jera su kusa da juna. Sai sura 10 ta shiga lissafi kamar ana kirari: zinariya talanti 666 a shekara, wato sama da tan 20, karusai 1,400, mahaya 12,000, dawakai daga Masar, kowane a kan shekel 150 na azurfa, karusa kuwa 600. Sura 11 ta buɗe da mata 700 da ƙwaraƙwarai 300. Wanda ya riƙe dokar nan ta Maimaitawar Shari'a sura 17 a ka zai gane cewa ba yabo ake yi ba. Zinariya, dawakan Masar, mata: duk ukun da aka hana, an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Galibin waɗannan aure na siyasa ne. Ƙaramar ƙasa tsakanin manya tana sayen zaman lafiya da surukuta, shi ya sa ya auri 'yar Fir'auna da 'ya'yan sarakunan Mowab, Ammon, Edom da Sidon. Gimbiya kuwa ba ta zuwa ita kaɗai, da abin bautarta take tarewa, kuma hana ta wurin bauta cin fuska ne ga ƙasar ubanta. Yau aka gina wa wannan ɗan wuri, gobe waccan ta ce ita ma. Nassin ya ce da ya tsufa ne matansa suka karkatar da zuciyarsa, har ya gina wa Kemosh da Molek masujadai a kan tudun da ke gabashin Urushalima, suna kallon Haikalin da ya gina da hannunsa. Bai rushe Haikali ba, bai daina hadaya ba. Ƙari ya yi. Waɗannan masujadai sun yi kimanin shekara 300 a tsaye kafin Sarki Yosiya ya lalata su.

Masu wa'azi sun fi son tsayawa a kan matan, wataƙila don ya fi daɗin faɗa. Amma talakan Isra'ila ba mata suka kai ƙara ba. Sulemanu ya ɗebi mutum 30,000 aikin tilas, 10,000 kowane wata suna tafiya Lebanon saran katako. Ya raba ƙasar ga hakimai 12, kowanne ya ciyar da fada wata guda. Ya ba Hiram sarkin Taya garuruwa 20 a Galili. Zuriyar waɗanda aka fitar daga bautar Fir'auna sun koma ɗaukar dutse, wannan karon ga surukin Fir'auna. Abin lura kuma, a duk tsawon mulkinsa na shekara 40 nassin bai nuna wani annabi ya tsaya gabansa ya ce masa kul ba. Wa zai yi wa mafi hikimar mutane gyara? Da annabi Ahija ya tashi magana, Yerobowam ya tara a hanya, ɗaya daga cikin shugabannin 'yan aikin tilas, ya yayyage sabuwar riga kashi 12 ya ba shi 10. Da Sulemanu ya ji, neman kashe Yerobowam ya yi.

Ɗansa Rehobowam ne ya biya bashin. A Shekem jama'a suka roƙi sassauci, dattawa suka ce ya saurara, samarin da suka tashi tare suka ce ya nuna musu shi ɗan sarki ne. Ya ce ubansa da bulala ya hore su, shi da kunamai zai yi. Kabilu 10 suka ɓalle a wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, suka zama mulkin Isra'ila, Rehobowam ya rage da Yahuza. A shekara ta 5 ta mulkinsa Shishak na Masar, wanda jerin garuruwan da ya ci ke sassaƙe a bangon Karnak har yau, ya kwashe garkuwoyin zinariyar Sulemanu. Rehobowam ya ƙera na tagulla, dogarai suka ci gaba da ɗauka a gabansa kamar ba abin da ya faru.

Asa, jikan Rehobowam, ya yi shekara 41 a kan gado, mafi yawansu abin yabo. Har uwar sarki, Ma'aka, ya tuɓe daga matsayinta saboda gunki, abin da ba kowane ɗa zai iya ba. Da Zera Bakushe ya zo da runduna mai ɗimbin yawa, ya yi addu'a ya yi nasara. Amma da Ba'asha na Isra'ila ya tare masa hanya a Rama, sai ya kwashi dukiyar Haikali ya aika wa Ben-hadad na Dimashƙu don ya kai wa Ba'asha hari ta baya. Dabarar ta ci, kuma nan matsalar take, don mutum ba ya son a ce ya yi kuskure a abin da ya yi nasara. Da Hanani mai gani ya zo ya tsawata masa, ya jefa shi kurkuku. A shekara ta 39 ciwon ƙafa ya kama shi, aka ce ko a nan bai nemi Ubangiji ba sai masu magani. Wasu kan ɗauki ayar nan su hana mutane zuwa asibiti, wanda karatu ne na son zuciya. Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne. Maganar ita ce mutumin da ya ɗaure mai gaya masa gaskiya ya riga ya toshe ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sai wani gida da abin ya bi kaka, ɗa da jika. Yowash yana jariri kakarsa Ataliya ta karkashe 'ya'yan sarauta, gwaggonsa Yehosheba, matar firist Yehoyada, ta ɓoye shi cikin Haikali shekara 6. Yana ɗan shekara 7 Yehoyada ya ɗora shi a kan gado, shi ya rene shi, shi ya yi masa aure. Yowash ya gyara Haikali da kuɗin da aka tara a akwati a bakin ƙofa. Nassin ya ce ya yi abin da ke daidai duk kwanakin Yehoyada, kuma wannan "duk kwanakin" shi ne tarkon. Tsohon na rasuwa, manyan Yahuza suka zo suka faɗi suka yi gaisuwa, sarki ya saurare su, aka koma gumaka. Zakariya ɗan Yehoyada, wanda kusan ɗan'uwansa ne na goyo, ya tashi ya yi magana. Da umarnin sarki aka jejjefe shi a farfajiyar Haikalin da ya ɓoye Yowash yana jariri. Yana mutuwa yana cewa Ubangiji ya gani, ya saka.

Mu kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Labarin Yowash ya amince da rabin maganar kawai. Fadawa sun zuga, amma sarki ne ya zaɓi wanda zai ji. Kirkin nasa dama na aro ne, da mai abu ya tafi sai ya tafi da abinsa. Bayinsa suka kashe shi a kan gadon jinya, aka hana shi makabartar sarakuna. Yehoyada kuwa, da bai taɓa sarauta ba, a cikin sarakuna aka binne shi.

Ɗansa Amaziya ya ci Edom da yaƙi, ya kwaso gumakan waɗanda ya ci ya shiga yi musu sujada. Da annabi ya tambaye shi hikimar bauta wa abin da ya kasa ceton masu shi, ya ce wa ya naɗa ka mashawarcin sarki, yi shiru kada a kashe ka. A Lakish aka bi shi aka kashe.

Jikan, Uzziya, ya hau yana ɗan shekara 16, ya yi 52. Ya haƙa rijiyoyi, ya gina hasumiyoyi, yana son noma, yana da mayaƙa 307,500 da na'urorin harba kibau da duwatsu daga kan ganuwa. Sai 2 Tarihi 26 ta ce da ya yi ƙarfi, zuciyarsa ta kumbura. Shi bai bi gunki ba. Haikali ya shiga zai ƙona turare, aikin da na firistoci ne kaɗai. Giyar mulki ke nan: wanda ya mallaki soja da taska ba ya son ganin ƙofa guda da aka ce ba tasa ba ce. Firist Azariya da wasu 80 suka tare shi. Ya husata, kaskon turare na hannunsa, kuturta ta fito masa a goshi. Ya ƙare a keɓe, ɗansa Yotam na riƙe da fada. A 1931 aka gano wani allon dutse a wani gidan ibada na Rashawa a Dutsen Zaitun, da rubutun Aramaik cewa nan aka kawo ƙasusuwan Uzziya sarkin Yahuza, kada a buɗe.

Wani abu da mai karatu zai ci karo da shi: littafin Sarakuna da na Tarihi ba sa ba da labarin iri ɗaya. Kurkukun Hanani, jifan Zakariya da turaren Uzziya duk a Tarihi suke. Sarakuna ta ce kawai Ubangiji ya bugi Uzziya da kuturta. Tarihi kuma ta tsallake batun Uriya da masujadan Sulemanu. Dalilin yana ga waɗanda aka rubuta wa. Sarakuna ta ƙare da mutane a zaman bauta a Babila, bayan Samariya, babban birnin Isra'ila, ta faɗi a 722 kafin haihuwar Almasihu, Urushalima kuma a wajen 586, suna tambayar me ya kai mu nan. Amsarta ita ce laifi ya taru tsara bayan tsara har mudu ya cika. Tarihi ta ƙare da shelar Sairus na Farisa cewa a koma gida, tana magana da waɗanda za su sake gini, don haka ta fi nuna kowa da abin da ya shuka, da kuma cewa ƙofar komowa a buɗe take.

Ba inda bambancin ya fito kamar kan Manassa. Ya yi shekara 55, fiye da kowane sarkin Yahuza, sunansa ma na cikin rubuce-rubucen Esarhaddon na Assuriya a jerin masu kai gaisuwa. Ya kafa gunki cikin Haikali, ya miƙa ɗansa a wuta, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Sarakuna ta ɗora masa alhakin faɗuwar birnin, ta ce ko gyaran jikansa Yosiya bai kankare ba. Tarihi ta ƙara cewa Assuriyawa sun ja shi da ƙugiya zuwa Babila, ya ƙasƙantar da kansa, aka ji addu'arsa, ya dawo ya fitar da gumakan. Masu bi suna riƙe da duka biyun: an gafarta wa mutumin, amma ɓarnar da ya yi wa ƙasar ba ta koma ba. Mafi mugunta cikinsu ya dawo hanya, Asa da ya fi shi nesa ba kusa ba ya mutu da taurin kai.

Ba sai da rawani ake sakin hanya ba. Samson ya farka a cinyar Delila yana cewa zai fita kamar yadda ya saba, bai san Ubangiji ya rabu da shi ba. Yahuza Iskariyoti, tun kafin azurfa 30, Bisharar Yohanna ta ce shi ke riƙe da jakar kuɗi yana ɗiba. Akwai kuma Dimas, wanda sau 3 kacal aka ambace shi a Sabon Alkawari. A wasiƙa zuwa ga Filimon yana cikin abokan aikin Manzo Bulus. A Kolosiyawa yana miƙa gaisuwa tare da Luka likita. A 2 Timoti, Bulus na kurkuku yana roƙon a kawo masa alkyabbarsa kafin sanyi ya shigo, ya rubuta cewa Dimas ya yashe shi saboda ƙaunar duniyar nan, ya tafi Tasalonika. Ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya bi gunki ba. Daga nan sunansa bai sake fitowa ba.